Gargaɗi ga mutanen Gombe kan masu bin gida-gida da sunan mayar da dish HD

Jama'ar Gombe a yi hattara da wasu samari da ke bin unguwanni su biyu a kan babur, da riga mai ɗaukar ido irin ta ma'aikata, da kati rataye a wuya, da jakar kayan aiki, suna cewa kamfani ne ya turo su su mayar wa mutane dish ɗinsu HD, wato mai nuna hoto tas. Haɗa dish da gyaran risiba sana'ata ce, kuma kayan da ake ta kawo mini shago a 'yan watannin nan daga Pantami da Bolari da Jekadafari har Tumfure, duk labarinsu ɗaya ne. An karɓi kuɗi, hoto bai canza ba, lambar wayar da suka bari kuma ba ta shiga. Wasu ma da kuɗin kaɗai aka tafi da sauƙi, an haɗa har da kayansu masu kyau.

Abin da suke fara faɗa shi ne gwamnati za ta kashe duk tsofaffin risibobi a ƙarshen wata, wanda bai sabunta ba tashoshinsa za su ɗauke gaba ɗaya. Ƙarya ce, sai dai sun jingina ta da wani abu da mutane suka taɓa ji a rediyo. Lallai hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa tana da shirin sauya watsa shirye-shiryen talabijin zuwa dijital, wanda aka fara ƙaddamarwa a Jos a 2016. Amma wannan shiri ya shafi tsohon tsarin da ake kamawa da eriya daga turakun da ke ƙasa. Dish daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko sigina, kuma dijital ne tun da daɗewa. Tashoshin Makka da Madina da na MBC da muke kamawa a taurarin Nilesat da Arabsat, babu wani ofis a Abuja da ke riƙe da makunnin kashe su a ɗakinka.

Sun san lokacin zuwa. Farkon damina, idan iskar nan mai ƙura ta kaɗa dish ta ɗan gusar da shi, hoto ya fara tsinkewa yana yin ɗigo-ɗigo, sai ka gan su. Haka gabanin azumi, lokacin da kowane gida ke son tafsiri da tarawihin Harami su fito tas, da kuma watan Agusta da ake komawa gasar Firimiya ta Ingila. Kuma da hantsi suke zuwa, bayan maigida ya fita nema. Wata baiwar Allah a Bolari ta ce daga zaure suka aiko yaro, da ta leƙo sai ɗayansu ya rusuna ya ce, "Hajiya, barka da gida. Ai Alhaji ya san da zuwanmu, mun yi waya da shi jiya. Minti goma ne aikin." Sunan maigidan ma sun sani, don a bakin yaran layin suka tambaya kafin su yi sallama. Ita kuma ba ta so a ce ta kori baƙin mijinta. Wannan kunyar tamu da ganin girman baƙo su ne jarinsu, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan a cikin lamarin.

Don a gane inda cutar take, sai an san me ake nufi da HD. Hoton da muka saba da shi layi 576 ne daga sama zuwa ƙasa. HD kuwa layi 720 ne ko 1080, shi ya sa ake ganin fuska da rubutu da ciyawar fili raɗau. Kafin wannan hoto ya iso idonka dole ita tashar da kanta ta watso shi a HD, risibarka ta iya karanta shi, talabijin ɗinka ya iya nuna shi, sannan wayar da ta haɗa risiba da talabijin ta zama HDMI. Idan ɗaya ya ɓace a cikin waɗannan, ko nawa ka kashe tsohon hoto za ka ci gaba da kallo. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar HD ko da risibar ta miliyan ce. Talabijin mai ƙeya shi ma ba ya nuna HD. Za ka iya haɗa masa sabuwar risiba ya kama tashoshin da tsohuwar ba ta kamawa, wannan amfani ne na gaske, amma tsabtar hoton ba za ta wuce ƙarfinsa ba.

To ga dabararsu ta farko. Sai su fito da filash su ce za su zuba wa tsohuwar risibarka manhajar HD. Tsofaffin risibobi an ƙera su ne a kan tsarin DVB-S da MPEG-2, tashoshin HD kuma galibi a kan DVB-S2 da MPEG-4 suke zuwa, wasu sababbi ma H.265. Bambancin a jikin ƙwaƙwalwar da aka narka a kan allon na'urar yake, ba a rubutun da ake zubawa ba. Shi ya sa tsohuwar risiba take tsallake wasu tashoshi idan ana nema, ko ta kawo murya babu hoto. Babu filash ɗin da zai gyara wannan, kamar dai a ce za a zuba wa babur wani irin mai ya koma mota ne. Abin da suke yi a zahiri shi ne su shiga saitin talabijin su ƙure haske da kala da kaifin hoto, sai komai ya yi jajir yana sheƙi, mai gida ya ga kamar an samu canji. Idan talabijin ɗin filasma ne mai ramin filash, sai su kunna wani bidiyo na tsuntsaye da furanni daga filash ɗin nasu, su ce ga yadda tashoshi za su koma cikin awa 24 idan kamfani ya gama saiti daga can. Awa 24 ɗin nan ta ishe su barin unguwar. Wani lokacin ma manhajar da suka zuba ba ta wannan samfurin ba ce, risibar ta maƙale a kan tambarin farko ta ƙi wucewa, ta mutu ke nan sai an buɗe ta.

Ta biyu ita ce LNB, ɗan kan nan da ke gaban dish. Sai ɗayansu ya hau sama ya sauko yana girgiza kai, ya ce naka ba na HD ba ne, dole a canza. LNB bai san HD ba, bai san wanda ba HD ba. Aikinsa ya tattara siginar da dish ya tara ya turo ta cikin waya. Na Ku band da muke amfani da shi, wanda ake saitawa a 9750 da 10600, shi ne dai yake ɗauko tashoshin duka biyu. Gaskiya ne masu ƙera shi suna buga HD ko 4K a jikin kwali, amma ado ne na kasuwa. Ana canza LNB idan murfinsa ya tsage rana ta cinye shi, ko ruwa ya shiga, ko kana son mai baki biyu don ɗaki biyu. Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata in faɗa don kada a zargi masu aikin kirki: tashoshin HD sun fi buƙatar sigina mai ƙarfi, mu kuma a nan a gefen yankin da siginar Nilesat ke isa muke, shi ya sa muke sa babban dish. Don haka mai gyara na gaskiya zai iya ce maka sai an sake saita dish, ko an canza wayar da ta tsufa, ko ma an ƙara girman dish ɗin. Bambancin shi ne zai nuna maka ma'aunin ingancin sigina a fuskar talabijin kafin aiki da bayan aiki, ka ga lambar ta hau da idonka. Waɗannan kuwa naka mai kyau suke cirewa su sa a jaka, su ɗaura maka wanda suka ciro a gidan da suka baro.

Ta uku ita ce musanya, kuma ita ta fi muni. Wani dattijo daga Pantami ya shigo shagona rungume da kwali sabo fil, an rubuta Full HD da manyan baƙaƙe. Na juya bayan risibar, babu ramin HDMI ko ɗaya, sai ramuka uku na rawaya da fari da ja. Na kwance ta. Ƙurar shekaru ce a kwance a kan allon, kafasito biyu sun kumbura, ga tabon dalma inda wani ya taɓa gyara. Sitika kawai aka manna a fuskar.

Na ce, "Baba, nawa suka karɓa?"

Ya ce, "Dubu 25, ɗana. Kuma sun tafi da tawa, wai kamfani ke tattara tsofaffi."

Na tambaye shi wace iri ce tasa. Ya ce Strong ce, ɗansa ya sayo masa ita tare da filasmar. Da ya kwatanta mini ita sai na gane risibar HD ce tun asali, wanda ya haɗa masa ne ya yi amfani da waya mai kai uku. Abin da bawan Allan nan yake buƙata duka-duka wayar HDMI ce guda ɗaya. Ya daɗe yana kallon allon da na buɗe, sannan ya ce Allah ya isa. Gidaje da yawa a garin nan haka suke, kayan HD ne a ɗaki amma an haɗa su da tsohuwar waya. Kafin ka ba kowa sisi, juya bayan risibarka da bayan talabijin ɗinka ka duba ko akwai rami mai faɗi da aka rubuta HDMI a ƙarƙashinsa.

Masu gidajen kallon ƙwallo kuma da wata ƙaryar ake kama su, wai risiba ce mai buɗe duk tashoshin wasanni a HD har abada ba biyan kuɗin wata. Tashoshin kuɗi a kulle suke. Waɗannan akwatunan ta intanet suke satar mabuɗin, daga wata na'ura da ba ka san inda take ba, ba ka san mai ita ba. Yau ta buɗe, gobe ana tsakiyar wasa hoto ya tsaya cak, ɗaki cike da mutanen da suka biya kuɗin shiga. Ranar da masu tashar suka canza makulli ko aka rufe waccan na'urar, shi ke nan, kuma ba inda za ka kai ƙara, domin abin da ka saya ɗin kansa ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Masu DStv ko StarTimes, naku a fili yake. Komawa HD sayen dikodar HD ne a ofishin kamfanin ko wurin dilan da suka amince da shi, a yi rajistarta da sunanka da lambar wayarka, a ba ka rasit. Dikodar da aka sayo a bayan babur tana iya kasancewa da sunan wani, ranar da matsala ta taso ba ka da ta cewa. GOtv kuwa ba ta amfani da dish ma sam, eriya ce, don haka duk wanda ya ce zai canza maka kan dish na GOtv ya riga ya tona kansa. Akwai kuma masu kira ta waya su ce an zaɓe ka za a sabunta maka dikoda kyauta, ka karanto musu lambar da za ta shigo wayarka. Wannan lambar ta bankinka ce. Gyaran talabijin ba ya buƙatar BVN, ba ya buƙatar lambar katin ATM. Kashe wayar kawai.

Idan da gaske kana son HD, je Babbar Kasuwa ko shagon da ka san mai shi yana nan gobe da jibi. Ka ce a ba ka risiba mai DVB-S2, in da hali mai H.265, don wasu tashoshin sun fara komawa can. A jona ta a gabanka da dish ɗin shagon ta HDMI, a kamo tashar HD kai tsaye, ba bidiyon filash ba. Danna maɓallin bayani a rimot, risibobi da yawa suna nuna ko tashar 576 ce ko 720 ko 1080. Kada saitin risiba da aka ɗora a 1080 ya ruɗe ka, wannan buɗa hoton kawai yake yi ya cika fuska, tashar da aka watso a 576 tana nan a 576 ɗinta. Tashoshin kyauta da yawa, har da wasu na Hausa da na wa'azi, har yanzu a tsohon tsari suke watsawa, saboda haka kada ka ga ba su canza ba ka ce an cuce ka. A rubuta lambar jikin na'urar a rasit, da sharaɗin mayarwa idan ta ba da matsala. Tsohuwar risibarka kuma taka ce, ka ajiye ko ka sayar da hannunka.

Magidanta, a gaya wa iyali tun yau cewa ba mai hawa saman ɗaki ko taɓa talabijin sai an kira ku an ji daga bakinku, ko da ya ambaci sunanku da na mahaifinku. A ja kunnen yara su daina faɗa wa baƙo sunan maigida da lokacin fitarsa. Mutumin da ya shiga har falo ya ga inda batirin sola da inbata suke, ya ga ƙofar baya, abin tsoron ya wuce na risiba.

Wanda aka riga aka yi wa, kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun ne ke ba su damar shiga gidan maƙwabci. Idan tiransifa ka yi, hanzarta zuwa bankinka da shaidar turawar, domin sunan mai asusun yana jikinta. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, ka kai rahoto caji ofis mafi kusa, EFCC ma tana da ofis a nan Gombe. Kwalin da risibar da suka bari a ajiye su yadda suke, kada a kai gyara tukuna, su ne shaida. Idan kuma an gan su a layi, a ɗauki lambar babur ɗin a kira jami'an tsaro, kada a taru a kansu da duka.