GARGAƊI: Wani mai sayar da lensi ya cuce ni naira 868,000, masu ɗaukar hoto ku kula

Jama'a, musamman 'yan uwana masu kyamara na Kano, Kaduna, Jos da Bauchi, akwai wani ɓarawo da yake yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da Facebook yana tallan dogayen lensuna na hannu, yana cewa daga Legas yake kuma kayan Ingila ne. Ya cinye min naira 868,000. Dubu ɗari takwas da sittin da takwas. Ina rubutun nan hannuna yana rawa, ba don tsoro ba, don takaici.

Tun farko ina roƙon kada kowa ya zo min da "araha ba ta ado". Na ji ta har ta ishe ni. Kuɗin da ya sa ba arahar da za ta sa mutum ya tsargu ba ce. Lensin Sigma 150-600 Contemporary na hannu (lambobin tsawonsa ne, babbar lamba ita ke jawo abin da ke nesa), mai tsabta, ya ce 850,000. Na san farashinsa ya fi haka a shago, amma ragin bai wuce wanda mai buƙatar kuɗi da gaggawa zai yi ba. Da ya ce min 300,000 da tuni na yi dariya na wuce. 850,000 ne, sai 18,000 kuɗin mota. Shi ne 868,000 ɗin.

Ni ba sabon shiga ba ne a wannan harka. Na daɗe ina ɗaukar wasan ƙwallo, ina shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata idan Kano Pillars suna gida, ina ɗaukar hawan Sallah, ina ɗaukar dambe. Canon 7D Mark II ce a hannuna, da wani tsohon lensi 75-300 da duk mai kyamara ya san halinsa: yana kaiwa 300 hoto ya yi laushi, gefen farar riga ya yi wani shuɗi-shuɗi, fokas ɗinsa kuma sai ɗan wasa ya gama buga ƙwallo ya tafi murna sannan ya kama. Abin da nake so lensi ɗaya ne da zai yi min ƙwallo ranar Lahadi, ya kuma yi min daji, don mun shirya da wasu abokai mu shiga Yankari da rani lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke taruwa a bakin kogin Gaji, daga nan mu leƙa Dagona ta wajen Gashuwa mu ɗauki tsuntsayen da suke zuwa daga Turai lokacin sanyi.

Kuma na yi bincike na, wallahi na yi. Na zauna na auna lensunan ɗaya bayan ɗaya. Canon 70-200 mai f/2.8 (lambar f tana ƙanƙanta, hasken da ke shiga yana ƙaruwa) shi ne sarki idan haske ya yi ƙasa, amma 200 ba ya kai ka ko tsakiyar fili daga bayan raga, balle ya jawo maka gwanki ko ɓauna da ke can nesa. Canon 100-400 na biyu, wanda ya fito a 2014, shi raina yake so, ya fi masu 150-600 kaifi da saurin kamawa, bai kuma kai su nauyi ba, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Nikon 200-500 mai f/5.6 yana da kyau, sai dai ba gidana ba ne, ba zai hau Canon ba. Ya rage Tamron 150-600 G2 na 2016 da Sigma guda biyu, Sports da Contemporary. Sports ɗin ya kusa kilo uku, Contemporary kuma bai cika kilo biyu ba. Wanda ya taɓa tsayuwa minti 90 da ƙarfe a hannu ya san bambancin kilo ɗaya. A kan 7D kuma, da yake tana ninka tsawo sau 1.6, 600 ɗin nan zai ba ni kamar 960. Matsalarsa ɗaya f/6.3 ne a ƙarshen, yana cin haske, amma wasannin gasarmu galibi ƙarfe huɗu na yamma ake take su, rana tana nan, zan iya riƙe saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa har sai can ƙarshen wasa idan hazo ya sauko in ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske. Duk wannan na lissafa shi. Mutumin da ya yi wannan lissafin ne wasu suke ce wa ya yi gaggawa.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Farkon da na yi masa magana, shi da kansa ya tambaye ni, "Malam, wace kyamara kake riƙewa?" Na ce 7D Mark II. Sai ya ce, "Kash, yallaɓai, wannan da na sa bakin Nikon ne, ba zai hau taka ba. Kada ka turo ko sisi. Idan na samu na Canon zan neme ka." Kun ji fa. Kada ka turo ko sisi. Na riga na ce ya ba ni lambar asusu, shi ya hana ni. Wane ɓarawo ne ake miƙa masa kuɗi ya ce a'a? Ku gaya min. Duk wanda yake ce min da shi ne ba zai yarda ba, ina so ya amsa min wannan. Na mayar da muryar nan na sake saurara ban san adadi ba, "kada ka turo ko sisi", cikin natsuwa, Hausarsa tas, har da "Allah ya sa rabonka ne". Ashe tarkon ke nan.

Da ya dawo ya ce an samu na Canon, ban tsaya a hoto ba. Na ce kiran bidiyo nake so, ya kira nan take. Ya riƙe lensin a gabana, ya murɗa daga 150 zuwa 600 na ga hancin ya fito, ya nuna min makullin da yake hana shi zamewa, ya nuna maɓallan gefe, ya cire murfin gaba mai faɗin milimita 95 ya haska tocilar waya ciki don in ga babu fumfuna babu ƙura. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kusa da lambar jikin lensin, ya rubuta. Ya ɗora shi a kan wata Canon ya nufi taga, na ji ƙarar fokas ya kama. A'a, kafin nan ma, tun a hirar farko, shi ne ya ba ni shawarar kada in sayi Sports. Ya ce, "Kai da kake gudu gefen fili, wuyanka zai gaya maka." Har ya yi min bayanin 'yar na'urar nan ta Sigma da ake jona lensi da kwamfuta a gyara masa saiti, ya ce zai haɗa min da ita kyauta. Mutumin ya san kaya. Ya san kaya fiye da wasu masu shago da na sani. Ko dai shi mai ɗaukar hoto ne da ya lalace, ko kuma ya zauna da masu yi ya haddace.

Na tura 500,000 kafin alƙalami. Ba duka na tura ba, ku lura, rabi da ɗoriya na tura na riƙe sauran. Ya turo bidiyo yana naɗe kwalin da salatif a tasha, ana jin 'yan kamasho suna kiran fasinja, ya nuna sunana da lambata a jikin kwalin, ya haɗa ni da wani a waya wai direba ne. Sannan na cika 350,000. A nan ne ya ce asusunsa ya cika iyakar abin da zai karɓa a rana, in tura ta na matarsa. Wasu suna cewa a nan ya kamata in farga. To 'yan kasuwa nawa ne a Kwari da Sabon Gari suke cewa ka tura ta asusun yaron shago ko na ƙaninsu? Kullum muna yi. Ni kaina an sha biya na kuɗin biki ta asusun maiɗakina. 500,000, sai 350,000, sai 18,000 na mota da na ba wanda ya miƙo min kwalin.

Na manta ban faɗa ba, akwai wani a guruf ɗin da ya yi masa shaida, ya ce ya sayi filasha a wajensa kaya sun zo lafiya. Yanzu lambar wannan ɗin ma ba ta shiga. Su biyu ne, ko kuma shi ɗaya ne da layi biyu, Allah masani.

Kwali ya iso. Da na ɗaga shi na ji nauyi, raina ya kwanta. Ban buɗe a tasha ba saboda turereniya da ƙura, ba wanda yake buɗe gilashin dubu ɗari takwas a tsakiyar tasha iska tana kaɗawa. Na kai gida, na shimfiɗa zane, na kira ƙanina ya riƙe waya yana ɗauka don murna. Wannan bidiyon ma zan sa. Kwalin waje na Sigma ne na gaske, tsoho. A ciki tsummokara ne, da fasassun tayil guda biyu an naɗe su da jarida don su ba da nauyi, sai wani siririn abu baƙi kamar bututun famfo. An rubuta 420-800 a jikinsa, f/8.3. Masu kyamara kun san shi, irin wanda ake sayarwa a shagunan intanet wajen dala ɗari ko ƙasa da haka, yau da wannan suna gobe da wancan. Babu injin fokas a cikinsa, babu abin hana rawa, bayansa ko ɗigon tagulla ɗaya babu da zai yi magana da kyamara, zobe ne kawai ake ɗaura masa. Ja ake yi ana turawa da hannu a ɗaure. Don in tabbatar wa kaina ba mafarki nake ba na ɗora shi a kan 7D, ta nuna min F00, alamar ba ta gane akwai lensi ba. Na leƙa, duhu. Na nufi bishiyar darbejiyar ƙofar gida, kafin in samo fokas da hannu tsuntsun da ke kai ya tashi. Da wannan zan ɗauki ɗan wasa yana gudu? Da wannan zan ɗauki giwa? Ƙanina ya sauke wayar a hankali ya ce, "Yaya, ko dai kuskure aka yi wajen naɗewa?" Kuskure da tayil a ciki?

Na kira shi nan take, ya ɗauka fa. Ya yi salati, ya ce innalillahi, yaronsa ne ya haɗa kwalin wani da nawa, in kwantar da hankalina gobe zai gyara. Har ya ce in turo 12,000 a sake aiko na gaskiyar. Ban tura ba. Wannan kam ban tura ba. Washegari waya a kashe, WhatsApp hoto ya ɓace, shafin Facebook ɗin an goge tallan an sauya suna. Direban da aka haɗa ni da shi a waya kuwa, mutumin da ya miƙo min kwalin ya ce bai taɓa jin sunan wannan direban ba, shi wani yaro ne ya kawo saƙo ya biya rabi ya tafi.

Ko da yake tun kafin kwalin ya zo akwai ranar da ya kira ni da kansa da daddare, ba don komai ba, wai yana tambaya ko ina da sandar ɗora lensi, don kada in wahalar da bakin kyamarata da nauyi, in riƙa ɗaurawa ta ƙafar lensin ba ta gindin kyamara ba. Shawara ce ta gaskiya, haka ake yi. A lokacin 500,000 ɗina suna hannunsa. Yana zaune ya san tayil zai aiko min, yana koya min yadda zan kula da kaya. Wannan rainin ya fi kuɗin ci min rai.

Kuɗin nan ba tsintarsu na yi ba. Kwasar adashena ce, da kuɗin bukukuwan da na tsaya tun safe har tsakar dare ina "amarya ki ɗan juyo", da tsohon babur ɗina da na sayar. 868,000. Maiɗakina ba ta ce min uffan ba, ta dai kwashe tayil ɗin ta fitar waje. Abokan tafiya Yankari suna ta shiri, ni ina nan da 75-300 ɗina.

Na je banki na cike takardar ƙorafi, na kai rahoto wajen 'yan sanda, na ba su lambobin asusun biyu da rasit. An ce in jira. Ina jira. Shi kuwa na bar shi da Allah, ban yafe ba, ko sisi ban yafe ba, kuma ba zan daina bibiya ba.

Shawara: kada ku biya kuɗin lensi sai kun ɗora shi a kan kyamararku da hannunku. Kiran bidiyo ba hujja ba ne, lensin gaske yake nunawa ya aiko wani. In kaya a Legas suke, ku sa wanda kuka sani ya je ya karɓa ya biya a wurin. In sunan asusu ya canza, ku tsaya.

Yanzu an ce min yana tallan Sony 200-600 da Canon 70-200 da sabon suna, hoton dai teburin nan ne mai jan kyalle da labule mai ruwan ƙasa a baya. Duk wanda ya ga wannan teburin ya san shi ne. Sikirinshot na hirarmu, rasit ɗin 500,000 da na 350,000, muryar da ya ce kada in turo ko sisi, da bidiyon buɗe kwalin, duk zan saka su bayan isha'i, ina rufe lambobin mutanen guruf da ba ruwansu ne. Wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi min magana ta akwati mu haɗa ƙorafinmu wuri ɗaya. Kuma in akwai mai 100-400 ko 150-600 na Canon da zai ba ni haya ranar Lahadi a nan Kano, don Allah ya taimaka, ina da aikin da na riga na karɓi kuɗinsa.