Inshorar gwamnati ko ta kamfani: wacce za a yi wa Inna?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, na ga tambayarki kan wacce inshorar lafiya za ki yi wa Inna da ƙaninki, ta gwamnati ko ta kamfani. Tunda kin ce Inna ta haura saba'in tana fama da hawan jini, ga kuma ƙaninki da shan-inna ya taɓa masa ƙafa, to ki mai da kuɗinki jaka tukuna. Ki fara da ta gwamnati. Na yi duka biyun, ɗaya kaɗai nake yi wa addu'a.

Hajiyarmu tana cikin tsarin masu ƙaramin ƙarfi, wanda ma'aikatan asibiti ke kira BHCPF. Kuɗin daga Abuja yake fitowa: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, sai dai ba a sa shi a kasafin kuɗi ba sai 2018. Wajen rabin kuɗin yana bi ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ita kuma ta miƙa wa hukumomin jihohi su biya wa talakawa. A nan Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ce, KSCHMA. Kaduna suna da KADCHMA, Jigawa JICHMA. Da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar NHIA a watan Mayun 2022, an ambaci waɗanda ake nufi ƙarara: tsofaffi, masu buƙata ta musamman, masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, da marasa galihu. Kin ga mutanenki biyu duk sun faɗa ciki.

Yadda tamu ta kasance, mai unguwa ne ya aiko yaro wata Laraba ya ce ana ɗaukar sunayen tsofaffi a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu. Hajiya ta ce ita ba za ta je layin sadaka ba. Sai da na ce mata ai kuɗin harajin 'ya'yanta ne ake dawo mata da shi sannan ta yafa mayafi. Aka duba lambar NIN ɗinta, aka ɗauke ta hoto, aka rubuta sunan asibitin da za ta riƙa zuwa. Ko sisi ban bayar ba. Katin ya ɗan jima bai fito ba, har ta fara min gori, amma ya fito.

Yanzu yana cikin wata 'yar jakar leda tare da carbinta da ƙullin goro, ba mai taɓa shi. Duk wata takan je a auna mata jini, in da zazzaɓi a yi mata gwajin maleriya a ba ta magani, ta dawo gida kafin azahar. Akwai wata ma'aikaciya a wurin da ke ce mata "kakata ta kaina", ita ce ta gano ashe Hajiya tana shan maganin hawan jinin ne kawai ranar da kanta ya yi ciwo. Shekara nawa muna saye a kemis, ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take sha. Wannan kaɗai ya ishe ni. Bara da ƙafarta ta kumbura, su suka rubuta mata takardar turawa zuwa babban asibiti, da ita aka karɓe mu. Ki riƙe wannan da kyau: in kika tsallake ƙaramin asibitin kika nufi babba ba takarda, da aljihunki za ki biya.

Ba zan ce miki ba shi da aibi ba. Wani watan za a ce maganin ya ƙare, ki saya a waje. Layi kuma sai kin yi sammako. Gurbin ma ƙidayayye ne, gwargwadon kuɗin da aka turo wa jiha, don haka ba duk wanda ya cancanta ne ke samu a zagayen farko ba. Kuma kar ki sa rai da manyan abubuwa irin wankin ƙoda ko jinyar ciwon daji. Na yau da kullum yake ɗauka, wanda dama shi ke cinye kuɗin gida a hankali kamar gara.

Ta kamfani kuwa, na saya wa Baba ta shekara guda kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Akwai sanyin AC, ba layi, iyakar yabon da zan yi ke nan. Ranar da sugansa ya tashi muka je, sai aka buɗe min wani shafi da ban karanta ba, wai ciwon da mutum ya shigo da shi ba ya ciki sai bayan wani lokaci. Na biya kuɗin inshora, na kuma biya kuɗin gado. Yawancin tsarin da kamfanoni ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane suna da iyakar shekaru, na tsofaffi daban ne kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Tsoho mai shekara saba'in da ba shi da ciwon da ya shigo da shi, a ina za a same shi?

Ba ki tambaya ba amma bari in faɗa miki, don an yi wa maƙwabciyata. Akwai masu yawo gida-gida da rigar ma'aikata da kati a wuya, suna sayar da "fom ɗin inshorar gwamnati", wasu kuma a WhatsApp suke turo mahaɗa su ce a cike kafin a rufe. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi kyauta ce. Duk wanda ya ce ki kawo na fom, ko na "saurin fitar kati", ɓarawo ne ko da kin san gidansu. Wanda kuma ya nemi BVN, ko lambar sirrin katin banki, ko ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki yanzu, ki kashe wayar. Me ya haɗa awon jini da asusunki? Maƙwabciyar tawa kuɗin adashinta gaba ɗaya aka kwashe a daren.

Ga abin da za ki yi. Gobe ki je asibitin mazaɓarku da kanki, ki tambayi mai kula da wurin ko suna cikin asibitocin BHCPF, domin ba kowanne ba ne, galibi ɗaya ake zaɓa a mazaɓa. Ki bi ta wurin mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa a sa sunayensu. Ƙaninki kuma, in yana cikin ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙaramar hukumarku, ya yi wa shugabansu magana, sau da yawa ta hannunsu ake karɓar sunaye. In ba su da NIN, wannan ne aikin farko. Ki zaɓi asibitin da Inna za ta iya zuwa da A Daidaita Sahu ɗaya, domin can ake tura kuɗinta duk wata ko ta je ko ba ta je ba.

In aka ce gurbi ya cika, kar ki koma wa kamfanin. Ki shiga ofishin hukumar jiharku ki biya musu tsarin masu sana'ar hannu na shekara, ko ki je wurin NHIA ki biya GIFSHIP, wato tsarinta na ƙungiyoyi da iyalai da ɗaiɗaikun mutane, ki karɓi rasit mai hatimi, sunansu kuma ya ci gaba da zama a jerin masu jira. Ki gaishe min da Inna, Allah Ya ƙara mata lafiya.