Yoyon hanji bayan tiyata: wace jaka za a saya?

Kafin a nufi kantin magani a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru, a auna ruwan hanjin da ke fita daga ramin da ya ɓulle a fatar ciki cikin awa 24. Awon ne zai nuna abin da za a saya, ba farashi ba. Ƙasa da mililita 200 yoyo kaɗan ne, wanda ya haura 500 kuwa mai yawa ne.

Bandeji da man zinc sun fi araha, amma sai ga ɗigon da bai taka kara ya karya ba. In ana canza bandeji duk bayan awa huɗu ko ƙasa da haka, a koma jaka, wadda ake mannawa a kan ramin tana tara ruwan. Ruwan ƙaramin hanji yana ɗauke da sinadaran narka abinci, bandejin da ya jiƙe kuma riƙe su yake a jikin fata har ta saluɓe. Fatar da ta saluɓe ba ta karɓar manni, daga nan yoyo ke ƙara cin gefe.

A jakunkuna, a bar rufaffiya, tunda kowane cika sai an ɓanɓare ta. A ɗauki mai buɗewa ta ƙasa. In ruwan tsinkakke ne kuma da yawa, mai ɗan famfo irin ta fitsari ta fi, don da dare ana jona ta da babbar jaka mai cin lita 2. Sai dai mai kauri yakan toshe famfon. Mai haɗe da faifanta, wato ɓangaren da ke manne wa fata, ta fi lanƙwasuwa a kan tabo ko ninkin ciki. Mai gida biyu, wadda jakar da faifan ke rabuwa, ta fi tsada, amma ana cire jakar a duba ramin ba a taɓa fata ba.

A nemi faifan da ake yankawa da almakashi, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 kewaye da ramin. Kwarin da ke gefe a cike shi da zoben manni ko ƙullun cike gurbi irin su Stomahesive, inda fata ke tsatstsafa a barbaɗa hodar stoma, mai tsotse danshin fata, a kakkaɓe saura. Man kaɗe ko basilin kada su shiga ƙarƙashin faifai, ba zai kama ba.

Zafin Maris da Afrilu kan lalata manni, don haka kada a tara da yawa, a ajiye a inuwa. A zubar in jaka ta kai kashi ɗaya cikin uku. Zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko raguwar fitsari ba matsalar jaka ba ce, a kai majinyaci asibiti a ranar.