Faifan Godzilla na Criterion: a duba harafin yanki kafin a biya riyal

Ga 'yan'uwa mazauna Jidda, Makka da Riyad masu tara tsofaffin finafinai, faifan Godzilla, fim ɗin dodon Japan na 1954, da kamfanin Criterion ya fitar ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi. Blu-ray bugun Amurka a kulle yake a yankin A, wato na'urar wannan yankin kaɗai ke karanta shi, na'urorin kasuwar Saudiyya kuwa na yankin B ne. Kana sakawa za ta ƙi karɓa. Ko dai a nemi na'ura mai karanta kowane yanki, ko a sayi bugun 4K na 2024, don shi wannan faifan ba a kulle shi. Mai yin odar na'ura daga Amurka ya leƙa bayanta tukuna: in volt 120 kaɗai aka rubuta, wutar 220 ta gidajenmu za ta ƙona ta.

Babban amfanin kwalin shi ne ya haɗa asalin fim ɗin darakta Ishiro Honda mai minti 96 da wanda Amurkawa suka yanyanke a 1956, mai minti 80. A fara da na Japan. Ran 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo wa jirgin masuntan Japan Daigo Fukuryu Maru mai mutum 23, mai kula da rediyonsu ya rasu a Satumba, fim ɗin ya fito a Nuwamba. Shi ya sa aka buɗe shi da jirgin ruwa da wani haske ya cinye. Sai a lura da matar da ke cikin jirgin ƙasa tana ƙorafin gurɓataccen kifi, tana cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki. Amurkawa sun cire wannan, sun kuma cire gargaɗin ƙarshe na Farfesa Yamane, masanin da ke cikin fim ɗin, cewa muddin ana gwajin bam, wani dodon zai sake fitowa. Ba banza suka cire ba. A asibiti kuwa ana kara wa yaro na'urar auna gubar nukiliya, likita ya girgiza kai. Wannan Hiroshima ce ƙarara, shekara 2 kacal bayan ƙarewar mamayar Amurka a Japan da ta taƙaita zancen bam.

Hoton baƙi da fari ne, da 'yan zane-zane a wuraren rusau, gefen allo biyu kuma baƙi; haka aka ɗauke shi, kada a miƙe shi da rimot. Fassarar ƙasan allo Turanci ce kawai, babu Larabci.