Kafin ka biya kuɗin ful kamil: hassas ɗin da ke tsare bamba da wanda ke tsare rai

Duk wanda ya zaga wuraren sayar da motoci na Jauhara a kudancin Jidda, ko ya kwana yana lalube a manhajar Haraj, ya san mota ɗaya, shekara ɗaya, inji ɗaya, tana iya zuwa da farashi uku: standar mai ƙarancin kaya, nus ful mai matsakaici, da ful kamil mai cikakken kaya. Tazarar kan kai dubban riyal, kuma a yau yawancinta kuɗin hassas ne (na'urar da ke ji ko auna abu ta sanar da kwamfutar mota) da kyamara da allo. Dillali kuwa abin da ido ke gani yake fara nunawa. Zai sa ribas, allo ya kawo hoton motar daga sama, ya ce, "Alhaji, duba nan, ko yaro ma zai yi fakin da ita." Gaskiya ya faɗa. Sai dai kafin ka miƙa kuɗi, raba na'urorin gida biyu. Akwai waɗanda za ka iya sa wa motar gobe a shagon kayan kwalliyar mota da 'yan ɗaruruwan riyal. Akwai kuma waɗanda in ba ta fito da su daga kamfani ba, har ta tafi tashlihi ba za ta same su ba, kuma mafi yawan masu tsare rai a nan suke.

Mu fara da na fakin, tunda shi kowa ke tambaya. Ƙananan maɓallan nan huɗu da ke jere a bamba sauti suke aikawa, wanda ya fi ƙarfin kunnen mutum, ya bugi abu ya dawo, irin yadda jemage ke gane hanya a duhu. Daga lokacin da sautin ya ɗauka kwamfuta ke lissafa nisa. Suna fara ƙara daga kimanin mita ɗaya da rabi, in an kusa santimita 30 sai ƙarar ta zarce ba yankewa. Bango da mota suna jin su sarai. Siririn ƙarfe, sarƙar da aka gitta a ƙofar gida, gefen titi mai gajarta, ko ramin da aka haƙa aka bari, waɗannan sukan wuce su salin-alin. Laka da fenti mai kauri ma suna toshe su. In ka ga motar da aka sake wa bamba fenti hassas ɗinta yana ihu ba komai a bayanta, ko ya yi gum, tambayi samkarin da ya yi aikin. Gwajinsa ba wuya: a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a ja birkin hannu, wani ya zauna ya taka birki ya sa ribas, kai kuma ka ɗora ɗan yatsa a kan kowane maɓalli. Mai rai za ka ji yana ɗan ƙyas-ƙyas a ƙarƙashin yatsa. Wanda ya mutu shiru za ka ji.

Kyamarar baya ta fi su a abu ɗaya mai muhimmanci: tana nuna maka yaro. A lungunan Misfala da Shara Mansur, inda yara ke fitowa daga tsakanin motoci a guje, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun watan Mayun 2018 saboda yawan yaran da ake takewa da ribas a ƙofar gida. Amma gilashinta mai faɗin gani ne, yana sa abu ya yi kamar ya fi nisa, ƙura kuma tana rufe ta cikin yini guda. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano kyamara ita kaɗai tana rage karon ribas da kashi 17 cikin 100. Da aka haɗa kyamara da hassas da birkin da ke kama kansa a ribas, raguwar ta kai kashi 78. Wato abin da ya fi aiki shi ne wanda ba ya jiran direba ya kalli allo.

Kyamarar 360, wadda Nissan ya fito da ita a 2007, kyamarori huɗu ne: gaba, baya da ƙarƙashin madubai biyu, kwamfuta ta ɗinke hotunansu. Ga mai babbar mota irin GMC ko Land Cruiser a hawa da gangaren Makka, tana biyan kuɗinta. Ga mai Yaris ko Accent, ado ne. Ka kuma tuna cewa ranar da ɗan babur mai kai abinci ya tafi da madubinka, ba madubi kaɗai za ka saya ba, har da kyamara da kuɗin daidaita ta. Fakin da mota ke yi da kanta kuwa, ban ga wanda ya ci gaba da amfani da shi bayan ya gama nuna wa abokai ba. Kafin ta gama nazari, na bayanka ya cika unguwa da hon.

Duk waɗannan, ban da birkin ribas da fakin da mota ke yi da kanta, ana iya sa su daga baya. Nemi kyamara mai waya, ta fi marar waya zaman lafiya, ka kuma tsaya a kan mai huda bambar ya daidaita tsayin ramukan, don in suka kalli ƙasa kwalta za su yi ta yi wa ƙara.

Yanzu ga waɗanda dillali ba ya nunawa, don ba su da hoto. Na farko shi ne tsarin hana mota zamewa. Akwai hassas a kowace ƙafa yana ƙirga juyin taya, akwai na sitiyari da ke faɗin inda direba ya nufa, akwai wani a tsakiyar mota da ke jin inda jikinta ya nufa a zahiri. Da zarar biyun sun saɓa, kwamfuta ta taka birkin taya ɗaya tak ta dawo da motar kan hanya, tun direba bai gama salati ba. Mercedes da Bosch ne suka fara shi a 1995, binciken Amurka kuma ya nuna yana rage mummunan haɗarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi. Ka auna wannan da hanyar Hijira tsakanin Makka da Madina, sama da kilomita 400, inda tun 2018 aka yarda ƙananan motoci su kai 140 a wasu sassa, ga yashi a bakin kwalta, ga raƙumi da kan faɗo da dare. Ko gangaren Hada daga Ɗa'if. Toyota na kiran sa VSC, Honda VSA, Nissan VDC, wasu ESC ko ESP. Sababbin motoci galibi suna da shi. A tsohuwar mota, duba fitila mai hoton mota da layuka biyu karkatattu a bayanta lokacin da ka murɗa makulli. In babu ita, ni dai motar iyali ba zan saya ba, kome kyan allonta.

Sai hassas ɗin iskar taya, wanda zafin ƙasar nan ya mayar da shi wajibi. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, tana ɗaukar zafi, a kan kwaltar Yuli kuma ƙarshenta fashewa. Iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin kowace taya a gindin bawul, yana auna iskar kai tsaye, wasu motocin ma su nuna maka lambar kowace ƙafa. Batirinsa kan yi shekara 5 zuwa 10, kuma yaron banshar marar kula yana iya karya shi wajen cire taya, don haka ka faɗa masa tun kafin ya sa ƙarfe. Ɗayan ba ya auna iska, juyin taya yake kwatantawa, in ɗaya ta fi sauran sauri ya gane ta sace. Ya fi araha, ba batir, amma sai an sake saita shi duk lokacin da aka ƙara iska, kuma in duka huɗun suna saki a hankali tare, yakan makara. Na farkon ya fi ga mai yawan tafiyar Madina ko Riyad. Kowanne ka samu, fitilar ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka awon safe, taya tana sanyi, bai faɗi ba.

Jakar iska ita ce wurin da ya kamata mai sayen mota ta hannu ya fi daɗewa. A sabuwar mota tambayar mai sauƙi ce: guda nawa? Standar da yawa biyu ne kawai, ta direba da ta na gefensa. Na gefe da na labule, masu kare kai in an buge ka a mahaɗa, suna da nasu hassas a ƙofa ko a ginshiƙi, kuma ba a ƙara su daga baya. In bambancin standar da nus ful shi ne daga jaka biyu zuwa shida, wannan kuɗin ya fi na rufin gilashi da kujerar fata amfani nesa ba kusa ba.

A ta hannu kuwa, zauna ka murɗa makulli, idonka a kan fitilar mutum mai ƙwallo a gabansa. Dole ta kama, ta yi kimanin daƙiƙa shida, ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an liƙe ta. In ta mutu daidai lokacin da fitilar man inji ta mutu, ka yi zargin an haɗa wayarsu ne. Akwai masu gyaran da ke cusa ƙaramar na'urar yaudara a madadin jakar da ta fashe, kwamfuta ta ɗauka komai lafiya, sitiyari kuwa fanko. Wani ɗan'uwa ya kusa faɗawa irin wannan a kan wata Camry mai sheƙi. Mai fahas ɗin kwamfuta ne ya shafa murfin sitiyarin, ya ce, "Kawu, wannan fatar ba ta kamfani ba ce, a buɗe mu gani." Mai motar ya ce yana sauri. Fahas na shekara-shekara ba ya buɗe sitiyari, don haka takardarsa ba hujja ba ce a nan. Ciro rahoton Mojaz da lambar shasi, zai nuna haɗurran da aka yi rajistarsu da tarihin awon kilomita. Ka kuma sa lambar, mai harafi da lamba 17, a shafin kiranye na Ma'aikatar Kasuwanci. Jakunkunan Takata, da suka jawo kiranye mafi girma a tarihin motoci har kamfanin ya karye a 2017, sinadarinsu zafi da laima ne ke lalata shi, ya fashe da gutsattsarin ƙarfe. Jidda kuwa zafi da laima ne abincinta. Canjin kyauta ne a wakala. Ɗaga kafet ma ka sansana, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera: kwamfutar jakar iska a ƙasa take kusa da giya, kuma garin ya ga ambaliya a 2009 da 2011 da 2022.

Birkin gaggawa na gaba, wanda ke cikin Toyota Safety Sense da Hyundai SmartSense da Honda Sensing, alƙaluman IIHS sun ce yana rage dukan bayan mota da kusan rabi. Tambayi da me yake gani. Wasu kyamara ce kawai a bayan madubin ciki, wasu kyamara da rada a bayan tambarin gaba. Kyamara ido ce: mai barin Jidda zuwa Makka da hantsi rana na fuskarsa, mai dawowa da la'asar haka, in guguwar ƙura ta taso kuma sai ta rubuta maka ta daina aiki. Rada ba ruwanta da haske, ƙura ma ba ta cika damun ta ba, tana hango abu daga mita 150 zuwa sama. Haɗin biyun ya fi. Kuɗinsa na ɓoye shi ne gyara: in tsakuwa ta fasa gilashin gaba, bayan canji sai an daidaita kyamarar, ɗan karo a bamba kuma yana iya karkatar da radar. Ba kowane shago a Sana'iyya ke da kayan wannan aiki ba. Hassas ɗin da ke faɗakar da kai motar da ta ɓuya a gefe yana da amfani a manyan titunan Jidda, inda ake yanko layi uku ba sigina. Mai riƙe layi kuwa a babbar hanya kaɗai yake da daɗi.

Mai ƙananan yara ya tambayi tunatarwar kujerar baya. Mai sauƙin tana tuna cewa an buɗe ƙofar baya kafin tafiya, sai ta yi ƙara in an kashe mota. Wasu motocin Hyundai, irin Santa Fe, suna da hassas a rufi da ke jin motsi bayan an kulle, ya busa hon. A garin da zafi ya kai digiri 51.8 a Hajjin 2024, cikin motar da aka rufe kuma yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a minti goma, ba sai an yi dogon bayani ba.

To ina za a kai kuɗin? Da kasafi ɗaya, yawanci zaɓi uku ne a gabanka. Standar ta Japan ko Koriya daga wakala: kayan gyara ko'ina, tana riƙe farashi, amma ka ƙirga jakunkunanta ka tambayi birkin gaggawa, don sau da yawa sai a babban mataki ake samun sa. Ful kamil ta Sin, irin MG, Changan, Geely ko Haval: hassas har ya yi yawa, sai dai ka tambayi farashin gilashin gaba da madubi da radar, da kwana nawa ake jiran su, kafin ka sa hannu. Taurarin gwajin Turai da dillali zai nuna maka na samfurin da aka sayar can ne, nemi takardar kayan wanda ke gabanka. Sai warid Amurka, wato wadda aka shigo da ita daga can: doka ta sa mata hassas ɗin taya tun 2007, hana zamewa tun samfurin 2012, kyamara tun 2018, don haka ko mafi ƙanƙantarta a cike take. Matsalarta tarihi. Da yawansu karo ne ya raba su da masu su na farko, shi ya sa rahoton Carfax na tarihinta a Amurka da fahas ɗin kwamfuta a shagon da kai ka zaɓa, ba wanda mai motar ya nuna maka ba, suke zuwa kafin maganar farashi. In hassas ɗin tayarta ya mutu, ka gaya wa mai kaya daga Amurka take, don zangon siginarsu yakan bambanta da na motocin wakala, wanda ka saya a nan ba lallai ya yi magana da kwamfutarta ba.