Sabis ko Startup? Ga abin da na gani da manhajar kyamarar gida

Malam, ka tambaya ko ka bar manhajar da ke ɗaukar bidiyon kyamarorin gidanka a Startup ko ka maida ita sabis na Windows. Ka maida ita sabis kawai, kada ka tsaya dogon nazari. Barin manhajar kyamara tana tashi ta Startup (jerin manhajojin da ke buɗewa idan ka shiga akawun ɗinka a Windows) kamar sauran manhajoji da kuma sa ta tana gudana a bayan fage a matsayin sabis, duka biyun na yi su a gidana kuma wallahi ba a ma haɗa su.

Bari in gaya maka abin da ya sa na riƙe wannan gam. Kyamara huɗu gare ni, biyu a ƙofar gida, ɗaya ta wajen katangar baya, ɗaya inda nake ajiye mota, dukkansu suna zuba wa wata tsohuwar kwamfuta ƙarama da ke ƙarƙashin tebur, ko allo ban jona mata ba. Na yi tafiyar kwana biyar, a rana ta uku maman yara ta kira ni hankalinta a tashe wai keken ƙaramin yaronmu ya ɓata a ƙofar gida, kuma har an fara kallon wani bawan Allah da ya zo gyaran famfo a ranar, ga shi ta ce an ɗauke wuta da la'asar don haka ƙila ma kyamarar ba ta ɗauki komai ba. Na buɗe a wayata gabana yana faɗuwa. Sai ga rikodin ya tsaya a 3:41, ya ci gaba a 4:12, wato wuta na dawowa kwamfutar ta kunna kanta ta ci gaba da aikinta ba wanda ya taɓa ta. Da 4:30 kuwa sai ga abokin yaron namu, ɗan maƙwabta, yana tura keken zuwa gidansu saboda yayyafi ya fara, har ya tsaya ya goge sirdin da gefen rigarsa. Ka ga da babu wannan mintunan da an ɗora wa mai gyaran famfo abin da bai ji ba bai gani ba, kuma ni wannan ya fi min keken daraja nesa ba kusa ba. Da na dawo na jona allo, kwamfutar tana nan tsaye a inda ake sa kalmar sirri, kwana biyu ba wanda ya shiga, amma rikodin bai yanke ba.

Dalilin shi ne sabis ba ya jiran mutum. Windows na gama tashi yake tashi, kafin kowa ya sa faswod, kuma tun zamanin Windows Vista aka ware sabis-sabis a nasu sashen daban da na mai amfani da kwamfutar, shi ya sa ko ka fita daga akawun ɗinka yana nan yana aiki, babu wata taga da yaro zai zo ya danna X ya rufe maka don zai yi gem. Tagar da kake buɗewa ta kallo ce kawai, ka rufe ta ka bar ta duk ɗaya ne. Abin da ya fi burge ni ma shi ne idan manhajar ta faɗi da kanta cikin dare, ka rubuta services.msc a wajen nema na Windows, jerin sabis-sabis zai buɗe, ka nemo sunanta ka shiga Recovery, akwai gurbi uku na faɗuwar farko da ta biyu da sauran, ka sa duka a Restart the Service, Windows da kansa zai tashe ta kana barcinka.

Ita Startup toh, sauƙi ne da ita, ka jefa gajeriyar hanyar manhajar cikin fodar Startup (shell:startup) ka gama, iyakar alherinta ke nan. Sai ka shiga take tashi, in kwamfuta ta yi ristat da tsakar dare shi ke nan babu rikodin sai ranar da ka lura. Wasu za su ce maka ka sa kwamfutar ta riƙa shiga da kanta ba faswod, ni dai ban yarda da wannan ba, na'urar da ke riƙe da bidiyon iyalinka ka bar ta a buɗe ga duk wanda ya zauna gabanta?

Yadda za ka yi ya danganta da manhajar kyamarar da kake amfani da ita. In Blue Iris ce, a cikin saitinta akwai wajen da za ka zaɓa ta gudana a matsayin sabis na Windows. Agent DVR ita ma tana zama sabis. In taka ba ta da wannan zaɓin akwai wata 'yar manhaja kyauta, NSSM, da ke naɗe kowace manhaja ta maida ita sabis, sai dai ka gwada sosai don wasu manhajojin ba sa son aiki ba tare da tagarsu ba. Masu Linux su abin ya fi zo musu da sauƙi, systemd ne mai kula da sabis-sabis a can, ka sa Restart=always ka yi systemctl enable, masu gudanar da manhajar kyamara ta Frigate a cikin Docker kuma su sa restart: unless-stopped.

Amma fa sabis shi kaɗai ba zai kunna kwamfutar da ta mutu ba. Ka shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka nemo Restore on AC Power Loss ko wani suna makamancin haka ka sa shi a Power On, wannan ne ya cece ni ranar keken nan. Ka kashe mata yin barci gaba ɗaya a saitin wuta. In kana da UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, kada ka jona kwamfutar ita kaɗai, ka haɗa da rauta da abin da ke ba kyamarorin wuta, in ba haka ba za ta zauna a kunne tana ɗaukar baƙin allo. Sannan abin da ke ɗaure wa mutane kai da yawa, in kana ajiye bidiyon a wata na'ura ta cikin netwok da ka ba ta harafi kamar Z, sabis ba zai ga wannan harafin ba saboda na akawun ɗinka ne, sai ka rubuta cikakken adireshin fodar ka kuma sa sabis ɗin ya shiga da akawun da ke da izinin rubutu a can.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa, ka yi hattara da masu sayar da kayan nan, don duk saitin da ka yi in kayan na bogi ne wahalar banza ce. Akwai masu manna 4K a kwali alhali ƙaramin hoto ne aka ja ya yi faɗi, fuska daga taku goma ba za ka gane ta ba. Akwai kyamarar da ba ta da RTSP ko ONVIF, wato hanyoyin da kyamara ke bi ta yi magana da manhajar kwamfuta, ita da manhajar wayarta kaɗai take magana, mai shago zai rantse maka tana aiki da komai, ka ce ya nuna maka a rubuce ko ya gwada a gabanka. Ni an taɓa sayar min da diski a matsayin sabo dal a leda, da na duba da manhajar CrystalDiskInfo ya yi awa sama da 20,000 yana aiki, shekara guda kuwa awa 8,760 ce, lissafa ka gani. Katin memori kuma ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ka sa a kyamara, na jabu yakan nuna babban girma amma da ya cika ɗan abin da yake da shi sai ya riƙa lalata na baya shiru. Kyamara ɗaya mai 4 Mbps tana cin wajen 43 GB a kwana ɗaya, don haka ka nemi diskin da aka yi don wannan aikin irin WD Purple ko Seagate SkyHawk.

Idan ka gama saitin yi mata ristat, kada ka sa faswod, ka je ka tsaya gaban kyamarar ƙofa ka ɗaga hannu sannan ka duba a wayarka ko ta ɗauke ka. In ta ɗauka ka kashe ta daga soket sau ɗaya ka maida, ka ga ko za ta tashi da kanta. In wani abu ya ƙi, turo min sunan manhajar da hoton shafin Recovery ɗin mu duba tare.