Mitar jini ko na'urar manne: wacce ta dace da karen da aka gano yana da ciwon suga?

Ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Ka ce likita ya tabbatar karenka yana da ciwon suga, ya ɗora shi a kan allurar insulin safe da yamma, kai kuma ka rasa wadda za ka saya: mitar da ake ɗiga mata jini, ko na'urar FreeStyle Libre da ake mannawa a fata.

Sai mun san abin da ake nema da awon kafin mu kwatanta su. Bayan allura suga yakan sauka sannu a hankali, ya kai ƙasa, sannan ya sake hawa. Wannan ƙasan da ya kai shi ne abin da likita yake son gani, kuma ana so ya tsaya tsakanin 80 da 150 mg/dL. In na'urarka da ma'aunin mmol/L take ƙirga, ka raba waɗannan lambobin biyu da 18. Sugan da ya hau yakan yi ɓarnarsa a hankali: ƙishirwa, yawan fitsari, rama, yanar ido. Wanda ya faɗi ƙasa da kima kuwa yana iya kashe kare cikin sa'o'i. Don haka na'urar da ta fi ita ce wadda ba za ta ɓoye maka faɗuwar ba.

Mita ainihin jini take aunawa, a daidai lokacin. Ana samun ɗigon a gefen kunne, ko cikin leɓe, ko ɗan tudun da ke bayan ƙafar gaba. Amma lamba ɗaya take ba ka duk tsira ɗaya. In ana son ganin yadda yinin ya tafi, sai an riƙa aunawa duk bayan awa 2 har tsawon awa 12, kuma ana yin haka ne kwana 7 zuwa 14 da fara allura ko canza yawanta. Aiki ne ja, ga shi ba kowane kare ke yarda a yi ta tsirarsa ba. Sannan ka kula da irin mitar. Ta mutane takan nuna ƙasa da gaskiya a jinin kare, saboda a jikin kare kaso mafi yawa na suga yana cikin ruwan jini, ba cikin ƙwayoyinsa ba. AlphaTRAK an saita ta ne musamman don karnuka da kyanwoyi.

Libre kuwa faifai ce kamar kwabo. Ana aske gashi a gefen wuya ko bayan kafaɗa a manna ta, tana aunawa dare da rana har kwana 14, kana karantawa a waya. A nan ne ta yi wa mita nisa, domin tana nuna maka abin da ya faru kana barci. Sau da yawa mai kare yakan ga lamba ta hau da safe ya ɗauka allurar ce ta yi kaɗan, alhali cikin dare sugan ya faɗi ne, jiki ya farfaɗo da shi da ƙarfi har ya zarce. Wanda ya ƙara allura a kan wannan lambar ta safe ya jefa karensa cikin haɗari. Mita ba za ta nuna maka wannan ba sai in ka kwana kana tsira.

Ita ma tana da nata rauni. Ba jini take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, shi ya sa takan yi jinkirin 'yan mintoci, kuma ba a cika dogara da ita ba idan lambar ta yi ƙasa sosai. Don mutane aka ƙera ta, kare mai sosa jiki ko birgima yakan cire ta kafin wa'adi. Idan suga ya wuce iyakarta sai ta rubuta HI kawai, abin da ake yawan gani a makonnin farko. Abin da ya fi damuna da ita shi ne yadda take sa mutum duba waya kowane lokaci, hankali a tashe, har ya fara ƙara ko rage allura da kansa. Kada ka yi haka. Jikin kare yana bukatar kwanaki kafin ya daidaita da adadi ɗaya, kuma likita ne ke canzawa.

Takardar gwajin fitsari ba ta cikin wannan gasar. Suga ba ya fita a fitsari sai ya haura wajen 180, don haka ba za ta taɓa gaya maka ya faɗi ba. Amfaninta na ga gano keton, sinadarin da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse maimakon suga: in ya bayyana, kare na amai ko ya ƙi abinci, a tafi asibiti nan take.

Ni a ganina, a watan farko ko na biyu, lokacin da ake laluben adadin da ya dace, Libre ta fi. Amma ka mallaki mita ko ta yaya, domin da ita za ka tabbatar duk lambar da ta ba ka tsoro, kuma ita za ka ci gaba da amfani da ita bayan abubuwa sun daidaita. In ɗaya kaɗai za ka iya saya, sayi mitar dabbobi.

Abu biyu kuma sun fi kowace na'ura tasiri a kan lambobin nan. Na farko abinci: iri ɗaya, awo ɗaya, sau biyu a rana da tazarar awa 12, a yi allura bayan ya ci. In ya ƙi ci, kira likita kafin ka yi masa cikakkiyar allura. Na biyu sirinji. Caninsulin, wanda ake kira Vetsulin a Amurka, ƙarfinsa 40 ne a kowane mililita, irin su Humulin N kuwa 100 ne. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ya ba kare ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Ka duba lambar kwalba da ta sirinji, su zo ɗaya.

Idan ka ga yana karkarwa, yana tangaɗi, ko ya yi laushi ba gaira ba dalili, kada ka tsaya neman na'ura. In yana iya haɗiya ba shi abinci. In ba ya iyawa, shafa masa zuma a dasashi, kada ka ɗura masa komai a maƙogwaro, ka nufi wurin likita da shi.